Sauran Kwana Huɗu

Tun da aka kafa dokar rufe duk asibitin da wanda aka yi wa dashen ƙoda ya mutu kafin shekara, ba a sake mutuwa a sashen dashe ba. Allon bakin ƙofa ma haka ya ce: ɗari bisa ɗari.

Barira ta shigo da hantsi, likkafani a leda, tana dafe da gefen cikinta inda aka ciri ƙodar da ta ba yayanta Sallau. Yana nan yadda ta bar shi ranar Juma'a, an rufe idonsa da filasta, na'ura tana ɗaga ƙirjinsa tana saukewa.

"Sista, na zo ɗaukar Yaya," ta ce wa nas. "Tun shekaranjiya aka haƙa kabari."

Nas ba ta ɗago ba. "Hajiya, yayanki yana raye. Sauran kwana huɗu ya cika shekara."

"Yana raye? Likitanku da bakinsa ya ce mini ya cika! Mu mun haƙura, ku ne ba za ku haƙura ba?"

"In muka kashe na'urar yau, gobe a rufe mu, ga mutum tamanin suna jiran layi." Ta sassauta murya. "Ki dawo ranar Alhamis bayan azahar. Za a ɗauke shi hoton cika shekara, sai ku tafi da shi."

Barira ta zauna, ta gyara masa mayafi. A ƙasan gado, jakar fitsari tana cika ɗigo-ɗigo. Ƙodarta ce kaɗai ba ta ji labarin rasuwar ba.