Fulogin Akori-kurar Baba

Wata la'asar a gidanmu na Rikoto, Baba ya ɗaga bonet ɗin akori-kurarsa, warin fetur ya cika tsakar gida. Washegari zai ɗauko gyaɗarmu daga Dirin Daji, ga shi mota ta ƙi tashi. Ya cire tsofaffin fulogai, sun yi baƙi ƙirin.

Ya kai sabo bakin rami, ya kuɓuce masa. Ya sake gwadawa, ya sake kuɓucewa. Tun da ya bar aikin soja hannunsa ke rawa, amma ba a zancen a gidanmu.

"Ɗiyata, kifa turmin nan ki hau, ki koyi aiki," in ji shi.

Mama ta leƙo daga madafa. "Turmin nawa ne ya zama tsani?"

"Yau dai ya samu ƙarin girma," ya ce.

Na hau, ya sa mini fulogin a tafin hannu, da sanyinsa.

"Da yatsu ake fara ɗaura shi, ba da sufana ba. In ya ƙi, ki dawo baya. Kika tilasta shi, kin ɓata injin."

Na murza a hankali, ya cije. Na dawo baya, na sake murzawa, sai ya bi sumul. Haka na ɗaura sauran, Baba yana ƙarasawa da sufana. Ya mayar da wayoyi, ya murza makulli, mota ta tashi.

A ranar na ɗauka koya mini kawai yake yi. Yanzu na san hannu ya ara, kuma har yau ina jin daɗin cewa nawa ya zaɓa.