Kukana Bai Yi wa Darakta Ba

"Inna, kukanki bai fito ba," in ji darakta. "Matsa baya."

Littafin da suke mayarwa fim labarina ne: 'ya'yana uku da gubar dalma ta kashe nan ƙauyenmu Dareta. Suka kawo wata 'yar fim mai jan farce, aka shafa mata man zafi a ido, ta yi ta birgima gindin turmina. Wai ita ce ni.

Da aka gama, darakta ya tafa hannu. "Gawa, ku tashi!"

Yara ukun da suka fito a matsayin 'ya'yana suka yaye likkafani suna rigimar alewa.

Na ce, "Malam, tunda ka iya, nawa ukun suna maƙabarta. Mu tai ka kira su."