Babi na Huɗu a Kan Sifika

A ƙididdigar Malam Mamane, tun da aka ƙona manyan ɗakunan littattafai na mutanen dā, ilimi bai sake ganin asara irin ta Larabar nan a unguwar Glenwood, can ƙasar waje, ba. Babi na huɗu na kundin digirinsa ya shafe. An tsinci faifan kwamfutar a kan sifikar rediyon falo, maganaɗisun ciki ya lashe shafi tamanin tas.

Shekara tara ke nan yana kan kundin nan. Batunsa dokar ɗabi'a ne: yadda masana falsafar Girka suka ce akwai dokar da ba sarkin da ya kafa ta, da yadda malaman coci na farko suka ce a zuciyar kowa take rubuce, ko bai taɓa ganin littafi ba. Jumma'a ce ranar miƙawa. In ta wuce, sai baɗi. In ya miƙa kuwa, takardar zamansa ta ɗalibi ta ƙare, jami'ar gida na jiransa da aji mai mutum ɗari huɗu.

Kowa ya gaji. Anti Raihana, wadda ke buga masa aikin ranar Asabar bayan ta tashi daga asibiti, ta zauna ko jaka ba ta sauke ba. Tuni ta yi wa wani manomi maganar ragon walima, karo na uku ke nan.

Mamane ya gyara hula, ya shafa gemunsa mai furfura uku da yake ji da su, ya tsaya jikin tagar da ke kallon kuɓewar da ya shuka makon jiya.

"Bon, to. Ba zan kira sunan kowa ba," in ji shi, idonsa a kan Jafaru, ɗalibin kimiyyar da suke haya tare, mai rediyon. "Girkawa ba su da limami, amma sun san ba a taɓa kayan mutum. Wanda ya yi, zuciyarsa tana mintsininsa yanzu haka."

"Malam, wallahi ban tuna na ɗauka ba," in ji Jafaru. "Amma ni na share falo jiya. Wataƙila..." Ya ce zai kwashe kayansa kafin ƙarshen wata, don ba ya iya haɗa ido da mutumin da ya jawo wa asarar shekara. Bai san inda zai nufa ba, ga jarrabawa saura kwana goma.

"Ka ga, Malam, ni dai yatsuna sun gaji," in ji Anti Raihana. "Ka yafe masa mu huta."

Mamane ya yi niyyar jan rai ko na kwana biyu ne, don yafiyar ta yi armashi. Sai ga Jafaru ya fito da akwati, yana naɗe dardumarsa. Wani abu ya mintsini Mamane a ƙirji, mintsini mai zafi, har ya dafa kujera.

"Ajiye akwatin nan, ɗan'uwa," ya ce a gajiye.

Shekara tara yana haƙilon neman hujjar Girkawa a littattafai, ashe tana nan a ƙirjinsa tun jiya da safe, lokacin da ya ɗora faifan a kan sifikar da hannunsa, har ya juya ɗaya gefen don aikin ya yi kyau.