Ranar da Tsoho Ya Kai Gurminsa Kasuwa

Kai da kake ɗaukar duk abin da ya fito daga bakin iyalinka kamar hukuncin alƙali, tsaya ka ji abin da ya sami wani manomi. Mutumin nan yana da ɗan ƙaramin gurmi da ya haɗa da hannunsa tun yana saurayi. Shi ya fafe duman, shi ya rufe shi da fatar guza, ya ja masa tsirkiya biyu. Ba makaɗi ba ne, bai taɓa kaɗa wa kowa don a yi masa kyauta ba. In dai ya dawo daga gona ya yi la'asar, sai ya jingina da rumbu ya ɗan taɓa, matarsa na gefe tana tankaɗe tana mita. Mitar kuwa shekara talatin ba ta sake zani ba: wai tsofai-tsofai da shi, ga furfura ga jikoki, ya zauna yana kiɗa kamar mai raka 'yan kokawa, ya kai abin nan kasuwa mana kunnenta ya huta. Shi dai murmushi yake yi ya ci gaba. Rannan sai ta faɗa a gaban surukai, aka yi dariya, dariyar kuwa ta yi masa ciwo. Ya yi ta juya maganar, har ya yanke cewa ashe duk shekarun nan cutar baiwar Allah yake yi. Yana son gurmin ƙwarai, amma ya fi son ta. Ranar kasuwa ya goge shi da man gyaɗa ya saɓa, ya iske ta tana shara, ya ce zai je ya rabu da shi. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Da dai ya fi."

Ya sami wuri a layin masu tsofaffin kaya, tsakanin mai fitilun ƙwai da mai ƙarafan keke, ya ajiye gurmin a kan gwiwarsa kamar wanda ya kawo jika gidan wanzami. Can wajen azahar wani makaɗi ya tsaya, ya ɗauka ya kaɗa, ya lumshe ido, ya taya. Tsoho ya ce albarka. Ya ƙara, tsoho ya ce albarka. A na uku ya yi tayin da ko mahaukaci ba zai ƙi ba, tsoho ya rasa mafaka. Ya buɗe baki zai sallama ke nan, sai ga matarsa, wadda rabonta da kasuwa an manta, tana haki, mayafi a karkace, garin dawa har gwiwar hannu. Ko kallon mijin ba ta yi ba. Ta dubi makaɗin ta ce, "Yaro, kada ka cuci kanka. Ni na san abin nan. Fatar ta saki, da damina ba ya magana, wuyan ma a karkace yake. Ba mai iya zama da shi sai wanda ya saba." Tana kushewa, hannunta na kan wuyan gurmin, ta riƙe gam.

Makaɗin ya dubi hannun, ya dubi idonta da ya cicciko, ya yi dariya ya sakar mata. Ya ce, "Gaskiyarki, Inna, wannan ya fi ƙarfina." Ta cusa gurmin cikin mayafi ta yi gaba, tana faɗa tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida, wai mutum ya tsufa bai san wasa ba, daga an yi magana sai ya kwashi kayan gida ya yi kasuwa da su. Tsoho na biye da ita, yana share hawayen farin ciki da hannun riga.

To ka ji. Shi da ya ɗauka ya tafi, da ita da ta ce a tafi da shi, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Irinsu Hausawa suka gani suka ce, ana so ana kaiwa kasuwa.