Ranar da Kwamfutar Armiya'u Ta Ƙi Tashi

Armiya'u ne ya fara kawo kwamfuta layinsu a Ƙauran Namoda, a shekarar 2001. Shanunsa biyu ya sayar ya sayo ta a Gusau, ya buɗe shagon buga takardu kusa da kwalejin fasaha. Jiha sabuwa ce, kowa na neman aiki, kowa na son takardarsa ta fito tsaf. Benci biyu ya ajiye, na maza da na mata, kuma ba a rasa mutane a kansu. Har daga Shinkafi da Zurmi ake zuwa, wasu ma kallo kawai ke kawo su.

Cikin masu zuwa akwai Lubabatu, ɗaliba 'yar ajin ƙarshe daga Banga. Wata biyu yana buga mata kundin bincikenta, shafi casa'in. Ranar Litinin ta iso da murnarta a fitar mata da shi a takarda, don Laraba za ta miƙa.

Armiya'u ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Fankar cikin kwamfutar ba ta juya ba, 'yar fitilar gaba ba ta kama ba, alhali ga wuta a ƙwan shago.

Ya ba direban motar Gusau saƙo ya kai wa Dominic, injiniyan da ya haɗa masa ita. Amma kafin azahar labari ya isa wurin Gado mai gyaran rediyo, sai ga shi da jakar kayan aikinsa.

"Wagga ai rediyo ce mai gilashi," in ji Gado. "Shekara ashirin ina wanga aiki. Ku matsa."

Lubabatu ta ce, "Malam Armiya'u, mu jira injiniyan mana."

"Ƙanwata, kafin ya iso kin kai gida da kundinki," in ji Gado.

Nan da nan shago ya cika, wasu na leƙe ta taga. Gado ya juya kwamfutar, ya hango wani ɗan jan maɓalli a bayanta, ya ture shi da sukudireba. "Ga ciwon nan," ya ce yana murmushi. Ya zare wayar wutar kwamfutar ya jona tasa wayar. Fanka ta motsa, mutane suka fara tafi. Sai ƙara kamar an fasa kwalba, hayaƙi ya turnuƙe shagon.

Da la'asar Dominic ya iso. Daga bango ya fara. Ya gwada soket da fitila, lafiya lau. Ya kwance kan filogin wayar kwamfutar ta asali, ya ciro ɗan fis mai kare ta daga ƙarfin wuta, ya yi baƙi.

"Oga, wannan kaɗai ya mutu da safe. Aikin minti biyu ne. Jan maɓallin nan kuwa na zaɓen ƙarfin wuta ne. An mayar da shi kan ƙaramar wuta, sannan aka ba ta babba."

Ya buɗe cikinta, ya ciro ma'ajiyar da duk rubutu ke ciki, ya shinshina, ya nuna musu inda ta ƙone. Da aka waiwaya, babu Gado babu jakarsa.

Lubabatu ta ce a hankali, "To, ba ni takardun da na rubuta da hannu."

Armiya'u ya sunkuyar da kai. Tun makon jiya ya ba mai ƙosai su, don a ganinsa kwamfuta ba ta mantuwa.

'Yan ajinta suka gama, Lubabatu ta ƙara shekara guda tana sake bincike daga farko. Armiya'u ya rufe shago ya koma gona, ba shanu ba kwamfuta.

Jama'a, idan na'ura ta ƙi tashi, a yi haƙuri a jira wanda ya san ta. Kai kuma mai gyara, cewa "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka lalata wahalar wani don a ce ka iya.