Kurman Maharbi da Waƙar Barci

Akwai wani tela da ke rufe shagonsa duk Asabar bayan la'asar, ya tafi gidan amininsa, wani malamin makaranta, su zauna su biyar a kan tebur suna wasan labari. A wasan nan kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Malamin shi ke jan labari, shi ne kuma alƙali, ga littafin dokoki a gabansa. Duk abin da jarumi zai yi, sai mai shi ya jefa ɗan ludo a ga sa'arsa. Jarumin tela maharbi ne, shekara ɗaya da rabi yana rainonsa, dokar wasa kuwa ta ce wanda ya mutu ya tafi ke nan.

Ran nan labari ya kai su kogon wata mayya. Tun a bakin kogo wani boka da ke gadi ya jefi maharbi da sihirin kurumta. Tela ya jefa ɗan ludo don ya kare kansa, ɗaya ta fito, lamba mafi ƙanƙanta. Malam ya yanke cewa har zagayen wasa huɗu maharbi ba ya ji, ko shawarar abokan tafiya ba zai yi aiki da ita ba. Tela ya roƙa a bar shi ya sake jifa, wai ɗan ludon ya bugi kofin shayi. Malam ya ƙi. Ran tela ya ɓaci, ya ce ashe amincin shekara ashirin bai kai jifa ɗaya ba, har ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Kunyar idon jama'a ce kawai ta zaunar da shi.

Suna kutsawa ciki sai mayya ta ɗauki waƙar barci. Abokan tela uku suka jefa ɗan ludo, babu wanda ya tsira, jarumansu suka zube. Tela ya miƙa hannu zai jefa nasa, sai malam ya dafe hannun, ya bi wani layi a littafi da yatsa.

"Dakata, mutumina. Waƙar nan sai wanda ya ji ta take kamawa. Naka kurma ne."

Maharbi kaɗai ya rage a tsaye, da kibiya biyu a kwari. Ta farko ta kuskure. Ta biyu ta sami mayya a maƙogwaro, waƙa ta yanke, masu barci suka farka. Tebur ya kaure da shewa. Sai da hayaniya ta lafa tela ya kama hannun malam da hannu biyu.

"Na gode da ka hana ni. Da ka biye mini, da yau babu mai fita kogon nan."

Gaskiyar Hausawa da suka ce, wani hanin ga Allah baiwa ne.