Ranar Da Na Mayar Da Sabi'u

Tun da aka yi dokar ba duk wanda ya ajiye aiki abokin hira, aka kawo mini nawa har gida. Sabi'u sunansa, inji ne mai siffar mutum. Ba ya cin abinci, ba ya musu. Ko na ce Kano a bakin teku take, sai ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Shekara talatin ina tuƙin tirela, ban saba da wanda ba ya ƙaryata ni ba. Ran Talata na tasa shi gaba zuwa ofishin da ake canza su.

A layi wani tsoho ya dubi hulata ya ce, "Bakano ne, ko? Har injin ma ragi ka zo nema?"

Na ce, "Bazazzage, wa ya kwance ka ka shigo birni?"

Muka yi dariya har da hawaye. Tanimu sunansa. Na ce ya biyo ni mu ci tuwo.

Akawu ya karɓi Sabi'u, bai ba ni wani ba. Ya dubi Tanimu, ya ce mini, "An canza maka, Baba."

Yanzu ga kwanon tuwo a tsakanina da Tanimu. Ina ci, ina satar kallon gefensa ko zai ragu.